Launin Fure Ba Ado Kawai Ba Ne

Sanin kowa ne cewa idan damina ta yi nisa, gonaki kan cika da furanni masu launi iri-iri. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan launi a matsayin ado kawai. Amma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Launin fure kira ne da tsiro ke yi wa ƙwari domin su kwashe ƙurar fure daga wannan fure zuwa wancan, wanda shi ne barbarar da ke sa tsiro ya yi 'ya'ya. Ladan ƙwaro kuwa shi ne ruwan zaƙin da ke cikin furen.

Tun a shekarar 1793 wani Bajamushe mai suna Christian Konrad Sprengel ya bayyana cewa ɗigo-ɗigo da zane-zanen da ke kan fure alamu ne masu nuna wa ƙwaro inda ruwan zaƙi yake. Mutanen zamaninsa ba su kula shi ba. Sai a 1914 masani Karl von Frisch ya tabbatar da cewa ƙudan zuma na bambance launi. Ya saba musu da shan ruwan sukari a kan shuɗiyar takarda, sannan ya ajiye takardar ba sukari a tsakanin takardu masu ruwan toka. Ƙudan zuman suka nufi shuɗiyar kai tsaye. A 1973 aka ba shi lambar yabo ta Nobel saboda bincikensa a kan halayyar dabbobi.

Idon ƙudan zuma ya sha bamban da na ɗan Adam. Yana ganin shuɗi da kore, yana kuma ganin wani haske da ke gaba da launin shunayya, wanda idon mutum ba ya gani sam. Ja kuwa kusan duhu ne a wurinsa. Shi ya sa ƙudan zuma suka fi zuwa ga furanni shuɗɗa da masu ruwan ɗorawa, alhali jajayen furanni da yawa tsuntsaye ne ke ziyartarsu. Fararen furannin kuka kuwa da maraice suke buɗewa, domin fari ya fi fitowa cikin dare, lokacin da jemagu ke yawo.

Wannan ilimi bai kamata ya tsaya a ɗakin gwaje-gwaje ba, domin ya shafi abincin talaka. Alal misali, kabewa da kankana suna da furen namiji daban da furen mace daban. Idan babu ƙwaron da zai haɗa su, furen mace zai bushe ya faɗi. Furen kabewa da sassafe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe. Manomin da ya fesa maganin ƙwari da safe, ya kashe ma'aikatan da launin furen ya gayyato masa kyauta.

Wani zai ce dole ne a kare amfanin gona daga tsutsa da fara, kuma gaskiya ne. Amma ana iya jinkirta feshi zuwa yamma, a kuma guji fesa shi a kan buɗaɗɗen fure. Ya kamata malaman gona su riƙa faɗakar da manoma game da wannan, malaman makarantu kuma su fitar da ɗalibai gona da hantsi, su ƙirga da idonsu wane launi ne ƙudan zuma suka fi sauka a kansa.