Martani ga Trevor-Roper: Duhun na Wane ne?

A 1963 Hugh Trevor-Roper, farfesan tarihi a Oxford, ya ce wai Afirka ba ta da tarihi sai na Turawan da suka shigo ta, saura duhu ne. To, Malam, Tarikh al-Sudan na al-Sa'di, mutumin Timbuktu, tun ƙarni na 17 fa? Tarihin Kano da Bature Palmer ya fassara a 1908 fa? Ko tawada ba ta zama hujja sai Bature ya riƙe alƙalamin?

Takarda ma tana ƙarya; rahoton Razdan na mulkin mallaka ai ba wahayi ba ne. Ruwayar baka kuwa ita ma hujja ce. Tun 1961 masanin tarihi Jan Vansina ya nuna yadda ake tace ruwayar baka: a bi silsilar maruwaita, a gwada ta da wata, a tambayi wa ke cin moriyarta, kusan yadda malaman hadisi ke bin isnadi.