Ɗawisu Ba Kujerar Falo Ba Ne

Wannan makon da faɗa na zo, kuma har da ni a cikin waɗanda za su sha shi.

A watan Afrilun da ya wuce na je gaisuwar rasuwa wani gida a Bodinga. A bayan gidan an haɗa keji da wayar kaji da rufin kwano, girmansa bai wuce ɗakin janareta ba. Namijin ɗawisu ne a ciki shi kaɗai, baki buɗe yana haki, gashin jelarsa duk ya kakkarye saboda ko juyawa zai yi sai ya gogi waya. Na ce wa mai gidan, "Alhaji, wannan tsuntsu ai yana wahala." Ya ce, "Malam, gidan manya ba ya cika sai da shi."

A ina ya koyi wannan karatu? Har da wurinmu. Ku duba labaran da muke sakawa kullum. Da zarar muna son nuna attajiri, sai mu jera motoci, mu shimfiɗa ciyawa, mu saki ɗawisu a harabar gida. Ba ya ci, ba ya kashi, ba ya kuka. Mun mayar da mai rai kayan ɗaki, masu karatu kuma suna saye da wannan tunanin.

To ga tsuntsun na gaskiya. Ɗawisun da muke gani a nan asalinsa Indiya da Siri Lanka ne, kuma tun 1963 Indiya ta ɗauke shi tsuntsun ƙasa. Namiji sai ya kai kimanin shekara 3 kafin adonsa ya cika, tsawon gashin ya kan kai mita ɗaya da rabi, kuma duk shekara yana zubar da shi wani ya fito. Mace tana kwanci kwana 28 ko kusa da haka. Yana iya rayuwa shekara 15 zuwa 20. Wanda ya saye shi bana, sai yaron da aka yaye ya isa aure tsuntsun yana nan. A kan dogayen itatuwa yake kwana, da rana yana yawon tsintar hatsi da ƙwari da ƙananan macizai. Lokacin barbara kuwa kukansa kamar ihun mutum, dare da asuba, maƙwabci ba zai runtsa ba.

Yanzu ku ɗora wannan a kan bazarar Bodinga da Shagari, inda zafi ke haura digiri 40. Mutum ma yana gudun ɗakin kwano da azahar, balle tsuntsun da aka hana inuwa da wankan ƙasa.

Na san amsar: "Kuɗina ne, kuma ai kaji ma kiwonsu ake yi." Kiwo halal ne, babu musu. Amma ko zabi ba ma kulle su haka, muna barinsu su yi yawo su dawo. Kuma dukkanmu mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Kuɗi suna sayen tsuntsu, ba sa sauke haƙƙinsa.

Ban ce kowa ya daina ba. Mai fili a bayan gari, da itatuwan dogon yaro masu inuwa, da ruwa kullum, da mace ko biyu tare da namijin, da rigakafin cututtukan kaji, da yardar maƙwabta, bismillah. Mai tsakar gidan da ko shanya ba ta isa, ya kiwata tantabaru, mutuncinsa ba zai ragu ba.

Mu kuma marubuta, sharaɗi ɗaya ne: kada ka sake saka ɗawisu a labarinka sai ka ji kukansa da kunnenka. In ka saka shi, ya yi kashi a kan motar Alhaji, ya cinye shukar Hajiya, ya haddasa rigima da maƙwabci. Nan labarin yake.

Wanda bai yarda ba, ga fili.