Motsa Jiki da Ciwon Shan Barasa a Ƙasar Kajuru

Duk wanda ya ratsa Kasuwan Magani ko Kufana a ranar kasuwa, ko ya bi ta unguwannin Kafanchan da la'asar sakaliya, ya san inda ƙafafun magidanta da samari da yawa suke nufa idan rana ta yi sanyi. Wasu gidan burkutu, wasu kuwa teburin mai ogogoro da giyar leda. Ba mu ce kowane mai kurɓa majinyaci ne ba. Amma a cikinsu akwai waɗanda barasa ta riga ta kama, watau waɗanda in ba su sha ba sai hannu ya dinga rawa, barci ya gagara, sun sha rantsuwa cewa sun bari amma su koma. Likitoci sun daɗe da sanya wannan hali cikin jerin cututtuka. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2024, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 400 ne suke fama da matsalar barasa a duniya, miliyan 209 daga cikinsu ba sa iya rabuwa da ita, ta kuma ce a shekarar 2019 kaɗai barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6.

Abin da hukuma ta fi ba ƙarfi a ƙasar nan shi ne hani. A 2018 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanoni cewa za a daina ƙulla giya a leda da ƙananan kwalabe cikin shekara biyar. A farkon 2024 hukumar NAFDAC ta tashi aiwatarwa, masu masana'antu suka yi ca, aka ƙara wa'adi. Hanin yana da kyau, musamman saboda 'yan makaranta. Sai dai hana leda ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu, tukunyar burkutu kuwa ba ta taɓa neman lambar NAFDAC ba. To, me za a yi wa wanda ya kamu? Daga cikin shawarwarin da ake yawan bayarwa akwai motsa jiki, kuma ya kamata jama'a su san iyakar abin da yake iya yi.

A 2017 wasu masana a ƙarƙashin Mats Hallgren na Cibiyar Karolinska a ƙasar Suwidin suka tattara bincike 21 da aka yi a kan mutum 1,204 masu wannan ciwo. Ba su sami tabbacin cewa motsa jiki ya rage yawan abin da ake sha ba. Abin da suka tabbatar shi ne ya rage baƙin ciki, ya kuma ƙara ƙarfin jiki. A wannan shekarar aka bayyana sakamakon wani gwaji a ƙasar Danmak da majinyata 175, inda aka ƙara wa wasu gudu a kan maganin da ake yi musu, bayan wata shida ba a ga wani bambanci a fili ba wajen sha. A 2024 kuwa wani nazari da ya haɗa gwaji 17 da mutum 1,905 ya nuna raguwar sha tare da raguwar damuwa da fargaba. Tun a 2004 ma an gwada a Ingila cewa minti goma na tuƙa keken motsa jiki yana kwantar da sha'awar barasa, amma na ɗan lokaci kaɗan. Masana ba su gama daidaitawa a kan batun rage sha ba ke nan. A kan sauƙin zuciya da lafiyar jiki kuwa bakinsu ya zo ɗaya.

Mu a namu ra'ayi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da yake mayar da mashayi ga kwalba bayan ya yi sati uku bai sha ba, galibi ɓacin rai ne, da rashin barci, da zaman banza, da tsofaffin abokai. Ƙasar Kajuru kuwa ta ɗanɗana ɓacin rai. An yi rikicin Kasuwan Magani a watan Oktoba na 2018, aka yi kashe-kashen farkon 2019, sa'an nan satar mutane ta raba ƙauyuka da gonakinsu. Mutumin da ya binne 'yan'uwansa, ya bar gonarsa ya koma zaman cin arziki a gidan dangi, ba wa'azi kaɗai yake bukata ba. Yana bukatar abin da zai cika masa yammacinsa ya kuma gajiyar da shi har ya yi barci.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce manomin da ya wuni yana huɗar dawa ko haƙar citta wane motsa jiki ya rage masa, ga shi kuwa shi ne na gaba a layin burkutu? Maganar tana da ƙarfi, kada a raina ta. Amsar ita ce abin da aka gwada a asibitocin nan ba wahalar neman abinci ba ce. Wasa ne mai ƙayyadadden lokaci, sau da yawa cikin ƙungiya, da mai kula, ana yinsa sati-sati har wajen wata uku, kuma galibi tare da magani da shawarar likita. A gayya kuwa, a wurare da dama, tulun burkutu shi ne ladan aikin, gumi da sha sun zama Ɗanjuma da Ɗanjummai. Bugu da ƙari aikin gona na damina ne. Daga an kai amfani rumbu har zuwa saukar ruwan fari akwai watanni da kuɗi suke hannu, aiki kuwa babu, kuma nan ne gizo yake saƙa. Haka nan ƙungiyar ƙwallon da take tashi daga fili ta zarce mashaya ba ta yi wa majinyaci komai ba sai ƙara masa ƙishirwa. An ma lura a Amurka cewa a cikin jama'a masu lafiya, masu yawan wasanni sukan fi sha.

Akwai kuma gargaɗi da ya wajaba mu yi. Masu cewa gumi yana fitar da giya daga jiki suna yaudarar kansu, domin hanta ce take sarrafa fiye da kashi 90 cikin 100 na barasar da aka sha, abin da yake fita ta gumi da numfashi bai taka kara ya karya ba. Mafi haɗari shi ne wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum ya yanke dare ɗaya ya fita gudu. Irin wannan yana iya faɗuwa da farfaɗiya, ko ya shiga ruɗewa da gane-gane bayan kwana biyu ko uku, har ta kai ga rasa rai. Wurinsa asibiti ne tukuna, a duba hawan jini da zuciya da hanta, a ba shi maganin da zai raka shi kwanakin farko. Bayan nan ne fili zai yi masa amfani, ya fara da tafiya kafin gudu.

Saboda haka muna kira ga Ƙananan Hukumomin Kajuru da Jama'a da maƙwabtansu su ɗauki wannan a matsayin aikin lafiya. Kusan kowace makarantar firamare tana da fili, kuma babu kowa a cikinsa bayan an tashi. Kafanchan tana da filin wasa na gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a sati, watau minti 30 sau biyar, abin da ba ya bukatar komai sai ƙwallo da usur da mutum ɗaya mai riƙe da littafin sunaye. Sai a fara da ƙarfe huɗu da rabi, daidai lokacin da mashaya take cika. Kada a rubuta wa ƙungiyar sunan mashaya, domin kunya za ta kori waɗanda aka kafa ta dominsu, musamman masu sha a ɓoye. Kada kuma a karɓi kofi ko riga daga kamfanin giya. Limamai da fastoci da masu unguwanni sun san gidajen da abin ya shafa, su ne za su iya jawo mutum ba tare da tozarta shi ba.

Sauran aikin na Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna ne. Asibitin masu taɓin hankali na tarayya yana Barnawa a Kaduna, ya yi wa mutumin Maro ko Idon nisa, sunansa ma kawai yana firgita dangi. Babban asibitin Kafanchan, wanda Gwamnatin Tarayya ta amince a 2025 a mayar da shi cibiyar lafiya ta tarayya, ya kamata ya ware ranar ganin masu wannan ciwo a kowane sati. A kuma koya wa ma'aikatan ɗakunan shan magani na ƙauyuka yadda za su gane wanda yake bukatar gado, da wanda za a iya turawa fili da takarda a hannunsa. Muna so mu ga kuɗin wannan aiki a rubuce cikin kasafin ƙananan hukumomin, kafin kakar bana ta shigo.