Kuɗin Fito A Apapa, Kuka A Damare

Duk wanda ya shiga kantin kemis a Damare ko Jimeta a shekarar 2024 don sayen maganin hawan jini ko na ciwon sukari, ya san abin da ya tarar. Magidanta da yawa sun koma sayen rabin abin da likita ya rubuta, waɗansu kuwa suka haƙura, suka koma ga jiƙo. Laifin duk aka ɗora wa mai kemis, domin zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

To, amma ba a kantinsa ake yanke farashi ba. Kimanin kashi 70 cikin 100 na magungunan da Nijeriya ke sha daga waje ake kawo su, galibi daga Indiya da Sin. Kafin ƙwaya ɗaya ta iso Adamawa, sai ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Apapa a Ikko, ta bi hannun kwastan, ta ratsa manyan dillalai na Anaca ko Kano, kowa ya ɗora nasa.

Sha'anin kuɗin fito ya daɗe yana tangal-tangal. A 1975 aka kafa ƙungiyar ECOWAS, a 2015 kuma Nijeriya ta shiga tsarinta na harajin kwastan na bai ɗaya. Tsarin ya yafe wa maganin da aka gama haɗawa a waje haraji, amma ya bar shi a kan kayan haɗin da masana'antun gida ke shigowa da su. Watau mai fatauci ya huta, mai ƙerawa ya sha kashi. Sa'an nan a Maris 2020, lokacin annobar korona, Indiya ta taƙaita fitar da waɗansu magunguna, har da farasitamol. Nan aka ga cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Babban bugu ya zo a 2023, da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dala ɗaya da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,400 a farkon 2024. A wannan shekara ta 2023 kamfanonin GSK da Sanofi suka ba da sanarwar barin harkarsu a hannun masu rarrabawa.

A Yuni 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umurnin janye harajin kwastan da na VAT daga injuna da kayan haɗa magani na tsawon shekara biyu, kwastan kuwa ba su soma aiki da shi ba sai Maris 2025. Wannan mataki abin yabo ne, sai dai kayan haɗin ma da dala ake sayo su, injin kuma da man dizal yake juyawa.

Saboda haka ba a ofishin kwastan za a auna nasarar rangwame ba, a kantin kemis na Damare za a auna ta. Wajibi ne Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta bi sawun kowane kamfani da ya ci rangwamen, ta bayyana wa jama'a ko farashinsa ya sauka. Hukumar NAFDAC kuma ta sa ido a kasuwannin ƙauye, domin inda magani na gaske ya gagari talaka, nan jabu ke samun gindin zama. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.