Warƙar Ƙarshe ta Littafi

Masu fataucin littattafai a birnin Faris suna da wata al'ada wadda ta cancanci malamai da fatake su dube ta. Sukan ɗauki littafin wani shahararren marubuci, su nemi gwanin zane ya ƙwarzana hotuna da hannunsa bisa farantin tagulla ko dutse, a buga ƙayyadadden adadi, sa'an nan a daina. Cikin 1931 wani dillali, Ambroise Vollard, ya fitar da wani labari na Balzac tare da irin wannan zane guda 13 na Picasso, kofe 340 kaɗai. Kowane kofe da lambarsa a wata warƙa. Mai saye kuwa ita yakan fara nema, in babu ita daraja ta faɗi.

To, su da gangan suke ƙaranta littafi don ya yi tsada. Abin da ke cikin gafakokin Wurno da Rabah da Goronyo ya fi wannan ƙaranci, gama Alƙur'ani rubutun hannu ba shi da na biyu. Mutum guda ya fiƙe alƙalami, ya dafa tawada, ya sa wasali da ja, hamza da rawaya, ya yi zayyana a kan kowane hizifi. Takardar ma sau da yawa mai alamar jinjirin wata uku ce, aikin Italiya, wadda fatake suka ratso hamada da ita daga Tarabulus. Wurno kuwa ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, can ya rasu cikin 1837, ba garin da za a rena tsofaffin takardunsa ba ne.

Amma fa littafin ƙasar nan ba a ɗinke shi, warƙoƙi ne sake. Ta ƙarshe, inda marubuci kan sa sunansa, wani lokaci har da ranar gamawa, ita ce jikin bango, ita gara da danshi ke fara ci. Wanda ya ga ambaliyar 2010 a garuruwan ƙasan madatsar Goronyo ya san ɓarnar ruwa. Mafi muni shi ne magada su raba littafi guda kashi kashi, kowa ya tafi da abin da ba ya karantuwa, ba ya sayuwa.

Abin da ya kamata, a yi wa littafi kuɗi ɗungurungum, magaji ɗaya ya riƙe, ya biya 'yan'uwansa. Falke kada ya sayi zayyanar da aka zare daga littafinta, ko da araha. Warƙar ƙarshe kuma a ɗauki hotonta, a kai Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato a ajiye.