Daga lambun Chatsworth zuwa barandata a Agege

 Waɗanda suka aiko saƙo suna tambayar shirun da suka ji na makonni uku, lafiya ƙalau nake, tafiya ce ta kama ni. Na je Ingila bikin kammala karatun 'yata ta fari a birnin Sheffield. Na gode da addu'o'inku, Allah Ya bar zumunci.

Kwana biyu bayan biki ta ce min, "Umma, gobe ki sa takalmi marar tsini, zan kai ki inda za ki manta da bokitanki." Tana nufin bokitai da buhunan da na jera a barandar gidan hayarmu a Agege, waɗanda tun da na sauka nake buga waya gida ina tambayar ko an ba su ruwa. Washegari muka hau bas, tafiyar kusan awa guda cikin karkarar Derbyshire, sai ga mu a Chatsworth.

Chatsworth gidan wani basarake ne mai sarautar Duke na Devonshire, kuma zuri'arsu ta Cavendish ce ke riƙe da wurin tun 1549. Gidan na bakin wani kogi mai suna Derwent, tumaki na kiwo a gabansa ba makiyayi ba igiya. Ana biyan kuɗi a shiga cikin gidan a ga zane-zane da kayan ƙawa, amma ni ban daɗe a ciki ba, lambun nake so. Girmansa eka 105 ne. Ki kwatanta da filin da kike ta adashe ki saya a bayan gari, sai ki gane abin da nake nufi.

Abin da ya fara tsayar da ni wani ruwa ne da ke feshi sama daga cikin doguwar kududdufa a kudancin gidan. An gina shi a 1844 saboda ana sa ran Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya zai kawo ziyara. Bai zo ba, amma ruwan na nan har yau. Babu inji, babu janareto. Tafki aka haƙa a kan tudun da ke bayan gidan, aka gangaro da ruwan ta bututu, nauyinsa kaɗai ke harba shi sama, har ya taɓa kaiwa kusan mita 90. Na tsaya ina kallo ina tuna yadda mu da ke hawa na biyu sai an ɗauke wuta kwana biyu mu fara leƙen mai kura.

Wanda ya yi wannan aiki sunansa Joseph Paxton, ɗan talakawa ne da ya tashi yana aikin lambu. Yana matashi basaraken na shida ya ɗauke shi shugaban masu lambu a 1826. Shi ne daga baya ya zana katafaren ginin gilashi na baje kolin Landan a 1851, wanda ake kira Crystal Palace. Amma abin da ya fi ba ni mamaki game da shi ayaba ce. A shekarun 1830 aka kawo wani irin ayaba Chatsworth, Paxton ya rene ta a ɗakin gilashi mai ɗumi har ta yi 'ya'ya a wannan ƙasa mai sanyi, aka raɗa mata sunan gidan, Cavendish. Da wata cuta ta cinye gonakin irin da ake safara a da, mai suna Gros Michel, a shekarun 1950, sai manoma suka koma ga Cavendish, kuma ita ce galibin ayabar da ake safara tsakanin ƙasashen duniya a yau. Har yanzu suna renonta a wurin. Ni da ayaba ke fitowa a bayan katangar maƙwabta ba mai kallonta, sai ga ni a bayan Turawa ina ɗaukar ta hoto.

Daga nan muka isa wani fili da aka shuka shingen bishiyoyi mai hanyoyi a murɗe, yara na shiga suna ɓacewa suna ihu. Kewaye da shi akwai guntuwar katangar dutse, alamar wani gini ya taɓa tsayawa a wurin. A nan ne Paxton ya gina babban ɗakin gilashinsa, wanda aka fara a 1836, kuma a zamaninsa babu kamarsa a duniya. Girmansa har keken doki na ratsa tsakiyarsa. An cika shi da itatuwan ƙasashe masu zafi irin namu. To amma itacen ƙasar zafi ba ya rayuwa a hunturun Ingila sai da wuta, don haka akwai manyan tukwanen dumama ruwa guda takwas a ƙarƙashin ƙasa, ana shigo musu da kwal ta wani rami, ma'aikata na hura su dare da rana. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, kwal ya yi wuya, mazan da ke aikin suka tafi fagen daga, sanyi ya shiga ya kashe shuke-shuken. A 1920 aka rushe ginin. Shingen da yaran ke wasa a ciki sai a 1962 aka shuka shi.

Na zauna a kan katangar na daɗe. Mutanen da suke da dukiya irin wannan, suka gina abin da ya fi ƙarfin hannun da zai kula da shi, 'yan shekaru na rashin wuta suka gama da shi. A lokacin tausayinsu kawai na ji, ban san da ni ake ba.

Inda na fi jin daɗi shi ne lambun kayan miya, can sama a gefen tudu, inda ba kowa ke wahalar hawa ba. Kunya-kunya ne na latas da kabeji da albasa da karas da wake mai hawa sanda, ga tulin takin ganye a gefe yana ruɓa, ga wata mata da safar hannu tana cire ciyawa a durƙushe. Daga nan ake kai kayan lambu ɗakunan girkin gidan. Ƙamshin ƙasar ya tuna min da fadamar garinmu lokacin rani. Na kai hannu na murza ganyen na'a-na'a na shinshina, 'yata ta ce, "Umma, don Allah kar ki tsinka, za a ce mu ne." Ban tsinka ba.

Yanzu ga abin da na tarar a gida. Na tafi na bar bokitai da buhuna ashirin da uku, na dawo na samu tara da rai. Waɗanda ke can ciki ƙarƙashin rufi ƙishirwa ta kashe su, duk da damina ake. Waɗanda ke bakin baranda kuma ruwan saman Yuli ya cika su, ramukan gindinsu sun toshe, saiwar ta ruɓe. Tumatir bakwai, babu ko ɗaya. Na buɗe baki zan yi wa autana faɗa, sai maigida ya ce, "Hajiya, kin san bokiti nawa yaron nan yake hawowa da shi bene kullum kafin ya tafi makaranta?" Na lissafa, shida. Ni na saba, shi ya sa ban taɓa ƙirgawa ba. Na yi shiru, don katangar nan ta Chatsworth ce ta faɗo min a rai.

Abin da ya fi ɗaga min hankali ba mutuwar tumatir ba ne. Farantan roba da na sa a ƙarƙashin bokitai don kada ruwa ya ɗiga wa na ƙasa da mu, na tarar da su cike da ruwa, 'ya'yan sauro na wutsil-wutsil a ciki. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi mako guda ne zuwa kwana goma a yanayi irin namu. Kuma sauron da ya fi son ruwan da ya kwanta a faranti da gwangwani da tsohuwar taya shi ne mai zanen fari da baƙi, wanda ke cizo da rana, mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengue. Wato da hannuna na buɗe masa gidan haihuwa a ƙofar ɗakin yarana. Duk mai shuka a gida ta riƙe wannan: a zubar da ruwan faranti aƙalla sau ɗaya a mako, a goge shi da soso domin ƙwan na manne wa jikin roba, ko kuma a cika farantin da yashi. Durom ɗin ban ruwa a rufe shi.

Ban daina ba, kuma ba zan ce ku daina ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itace a rana, kuma kowa ya san yadda kwandon tumatir da attaruhu ke hawa a kasuwar Mile 12 da zarar damina ta kankama ko motocin Arewa sun yi jinkiri. Waɗanda suka ga 2016, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, ba su manta miyar da suka ci ba. Bokiti ba zai ciyar da gida ba, kada wani ya ruɗe ki. Amma zai ba ki ganyen da kin san ruwan da ya sha, wanda ba za ki iya cewa haka ba game da kowane ɗaurin alayyahu na bakin titi. Ni kuma da likita ya ce in rage zama saboda hawan jini, rabin awar nan ta sunkuyo da ɗagowa bayan sallar asuba ta fi min duk wani motsa jiki da na yi alkawari na kasa cikawa.

Abin da na sauya shi ne lissafi. Na fara da tambayar ruwa nawa zan iya hawowa da shi ranar da ba ni da lafiya, ko ranar da ba na nan, ba ranar da nake jin ƙarfi ba. Amsar bokiti biyu ce. Daidai ruwa daidai tsaki, sai na tsaya a kan shuka goma. Rabin ruwan ma daga na alwala ne da na wanke shinkafa da ganye, wanda a da kwata yake tafiya. Ruwan wanki mai omo ko bilic kada ya je kusa da abin da za a ci.

Na kuma duba waɗanne ne suka rayu ba tare da ni ba, na bar su su zama tushe. Zogale ya rayu, yakuwa ta rayu, ɗoɗɗoya da na'a-na'a sun rayu, attaruhu biyu sun zubar da ganye amma sun sake tohowa. Zogale a buhu yana son a riƙa datse kansa idan ya kai ƙugu, sai ya yi rassa ya ba da ganye a inda hannu ke kaiwa, maimakon ya miƙe ya zama sanda. Alayyahu da lalo na sake shuka su domin ba sa jan lokaci, wata ɗaya da 'yan kwanaki an fara yanka. Tumatir kuwa na haƙura da shi sai rani. Danshin Legas na sa masa cutar ganye, kuma yana neman rana ta awa shida, abin da barandata ba ta samu a damina.

Ga mai son farawa, buhun shinkafa da aka wanke ya isa, ko bokitin da ya tsage. A huda gindinsa da yawa, a kuma huda gefe kusa da ƙasa, a ɗora shi a kan bulo biyu domin ruwa ya samu hanya. Ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, da ɗan yashi idan ƙasar mai danƙo ce. Kashin kaji ɗanye yana ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, sai ya bushe ya ruɓe na wasu makonni tukuna. Kada a shuka abin ci a jarkar da ta taɓa ɗaukar bakin mai ko maganin ƙwari, haka kada a ɗebo ƙasa daga inda makanikai ke zubar da batir ko inda ake ƙona shara, saboda gubar dalma, wadda ta fi yi wa ƙananan yara illa. Idan ƙwari suka zo, ni ganyen darbejiya nake dakawa in jiƙa ya kwana, in tace in fesa da yamma. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ƙasa, a wanke ganyen kafin a dafa ko da naki ne.

Wata baiwar Allah daga Fatakwal ta aiko tana tambaya ko za ta iya ajiye maganin sukarinta tunda ta shuka zogale. A'a, 'yar uwa. Zogale abinci ne mai kyau, ki yi kwaɗonsa ki ci, ki sa a miya, amma maganinki yana nan yadda likita ya rubuta, kuma ki gaya masa idan kina shan ruwan dafaffensa kullum.

Autana yanzu an ba shi bokiti ɗaya nasa na kansa, ya ce kuɓewa zai shuka. Ya tura ƙwaya uku da yatsa ranar Asabar, shekaranjiya biyu suka fasa ƙasa, ya tashe ni tun kafin a kira salla in zo in gani. Yayarsa ta bugo daga Sheffield tana tsokanarsa wai yaushe za a fara sayar da tikitin shiga. Ya ce sai ta yi fure, kuma ita kuɗinta ninki biyu ne.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu duba tambayoyin da suka taru kan yaye da abincin yaro ɗan wata shida.