Hanta da Huhu Maƙwabta Ne

Akwai wata magana da mashaya taba masu tsohon ciwon hanta kan yi, wai su cutarsu a ciki take, hayaƙi kuwa ƙirji yake shiga, saboda haka babu ruwan wannan da wancan. Wannan magana banza ce, tana kuwa kashe mutane.

Ku duba yadda abin yake. Ƙwayar cutar hanta, nau'in B ko na C, takan shekara ashirin ko talatin tana cin hanta a ɓoye, har hantar ta ƙandare. In ta ƙandare, ga wasu sai ƙananan jijiyoyin jini na huhu su buɗe fiye da kima, jini ya riƙa wucewa bai ɗauki iska sosai ba. Ga wasu kuma ruwan da ya taru a ciki ya ratsa tantanin da ya raba ciki da ƙirji, ya danne huhu, galibi na dama. Sai ka ga mutum yana haki alhali bai yi gudu ba. To, wannan huhun ne za a ƙara turnuƙe shi da hayaƙi? Ashe ana kukan targaɗe ga karaya ta zo.

A 2003 likitocin Japan suka ba da labarin waɗansu masu toshewar hanyoyin numfashi, suka ce ƙarfin huhu ya fi saurin raguwa ga masu nau'in C. Tabar ma ba ta bar hantar ba, gama tana cikin sanadin sankarar hanta. Wanda ke taƙama ba ya shan giya, amma ga kara a baki dare da rana, kansa yake ruɗi.

Kada a ce cutar ta tsiraru ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da nau'in B, miliyan 50 da nau'in C, da yawansu ba su ma sani ba.

Saboda haka kowa ya je a gwada jininsa, kada ya jira sai idonsa ya yi rawaya ya nufi jiƙon shawara. Nau'in C yana warkewa, galibi cikin mako 12. Nau'in B yana da maganin da ke danne shi, da allurar rigakafi da ake fara yi wa jariri ranar haihuwa. Amma barin taba ba likita ne zai yi maka ba, kai ne. Ka yar da ita yau. Allah ya sa mu gane, amin.